Yadda Talla Ta Kori Darasi Daga Rediyo da Jarida

 Ina godiya ga kwamitin wannan mujalla tamu da ya ba ni fili. An ce in rubuta wani abu da ya shafi tarihi. Na zaɓi in yi magana a kan wani malami da ya koyar da iyayenmu da malamanmu, amma mu da muka shiga sakandare bayan shekarar 2000 ba mu tarar da shi a aji ba. Wannan malami kuwa shi ne akwatin rediyo, shi da 'yan'uwansa jarida da majigi da talabijin, a zamanin da ake lissafa su cikin kayan koyarwa. Yau duk suna nan da ransu, yawansu ma ya ninka na da, sai dai sun sake sana'a. Abin da nake so mu bi diddiginsa shi ne yadda aka yi suka ajiye darasi suka ɗauki farantin talla.

Labarin ya faro ne daga Zariya. Wajen shekarar 1930 Turawan mulki suka kafa Hukumar Fassara, wadda daga baya ta zama Hukumar Talifi a ƙarƙashin Dokta Rupert East. Ita ce ta shirya gasar ƙaga labarai ta 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi. A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam yana editanta, sannan a 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur. Kada mai karatu ya ɗauka Bature ya yi wannan duka ne don ƙaunar talaka. Yana bukatar malaman da za su rubuta masa rasidin haraji, yana so manomi ya gane irin audugar da gyaɗar da ake so, ga kuma jita-jitar da ta cika gari gab da yaƙin Hitila cewa wai za a miƙa Nijeriya ga Jamus, ana neman jaridar da za ta ƙaryata ta. To amma ko ma mene ne nufinsa, kuɗin aikin daga baitulmali yake fitowa. Ba da kwabon da ake sayar da jaridar aka dogara ba wajen sayen takarda da tawada da biyan albashi da kai ta Yola ko Sakkwato. An sa ta a layi ɗaya ne da rijiyar gwamnati da ɗakin shan magani, abubuwan da ba wanda yake tambayarsu riba a ƙarshen shekara.

Da aka shiga shekarun 1950 sai gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura ɗamarar Yaƙi da Jahilci, marigayi Malam Ahmadu Kumasi yana cikin manyan jagororinsa. Aka buɗe azuzuwan manya a ƙauyuka, magidanci mai gemu yana koyon a, ba, ca da la'asar bayan an taso daga gona. Nan take wata matsala ta ɓullo: wanda ya koyi karatu, in bai sami abin karantawa ba, ba ya shekara biyu sai karatun ya gudu. Don magance wannan aka kafa hukumar NORLA a Zariya, wadda ta fara aiki a 1954. Aikin da ta yi cikin 'yan shekaru yana da ban mamaki. Ta buga littattafan koyon karatu, da ƙananan littattafai a kan tsafta da noma da kiwo da sana'o'i da addini da tarihin garuruwa, da boko da ajami, da Hausa da wasu harsunan Arewa. Ta kuma buga wa larduna jaridunsu: Kano na da Sodangi, Katsina na da Himma, Sakkwato na da Zaruma, Zazzau na da Bazazzaga, Bauci na da Zumunta, Barno na da Albishir, Adamawa na da Arɗo. A auna a gani, yau jihohi nawa ne a Arewa ke da jaridar harshen gida da take kaiwa ƙauye?

A 1959 aka rufe NORLA, aka mayar da abin da ya rage ga Kamfanin Gaskiya. Dalilin da aka bayar shi ne asara: littattafai sun yi tsibi a sito ba su sayu ba, kuɗin da ake kashewa wajen kai su lunguna ya zarce abin da ake samu. Ba na musun cewa an yi asarar, kuma mai yiwuwa ne an buga wasu littattafan fiye da kima. Abin da nake jan hankalinmu a kai shi ne ma'aunin da aka auna ta da shi. Hukumar da aka kafa don kada karatun manomi ya gudu, sai aka buɗe mata littafin ciniki aka ce ta nuna riba. Wanda take yi wa aiki mutum ne da ba ya ganin tsabar kuɗi sai kaka, kuma in ya gani haraji na jiransa. Haka aka ce wa kafar ilmantarwa a Arewa ta ci da kanta, aka kuwa ga yadda ta kaya. A 1966 aka kafa kamfanin ɗab'i na NNPC, wato na Zariya, ba mai man fetur ba, da haɗin gwiwar kamfanin Macmillan na Ingila. Ya yi aiki mai kyau, ya adana tsofaffin littattafanmu, har ya shirya gasar da ta fito da So Aljannar Duniya da Mallakin Zuciyata a wajen 1980. Sai dai kamfani ne na kasuwanci, littafin da ke rufa masa asiri shi ne wanda aka sa a manhajar makaranta. Ƙaramin littafi mai koya wa magidanci yadda zai kare rijiyarsa daga ƙazanta ba shi da mai sa shi a manhaja.

Majigi ba sai na daɗe a kansa ba, dattawa sun fi ni saninsa. Mota ce ta ma'aikatar watsa labarai take zuwa gari da magariba, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko filin makaranta, a nuna fim a kan rigakafi ko zaɓe ko noma, mai fassara yana bayani da lasifika. Har yau akwai tsofaffin da ke tuna Baban Larai. Kyauta ake kallo, don ma'aikata ce ta sayi man motar.

Rediyo shi ne babban malamin. Tun 1944 aka kai rediyon waya Kano, irin akwatin nan da ake maƙalawa a bango. A 1959 gwamnatin Cif Obafemi Awolowo ta buɗe gidan talabijin na Ibadan, kuma babbar hujjar da ta kare kuɗinsa da ita a lokacin ita ce koyarwa. A 1962 gwamnatin Sardauna ta buɗe nata gidan rediyo da talabijin a Kaduna, tare da wasu kamfanonin Ingila. Ya kamata a lura da cewa waɗannan gidaje tun ranar farko suna karɓar talla. Ke nan ba zuwan talla ne ya kawo ɓarna ba. A lokacin ita baƙuwa ce da ake ba tabarma a zaure, mai gidan kuwa shi ne shirin da hukuma ta tsara, kuma shi ke da ikon cewa ƙarfe kaza na makarantu ne, ba na sayarwa ba.

Malamanmu da suka yi firamare ko kwalejin horon malamai a shekarun 1960 da 1970 za su iya gyara mini in na kauce, amma ga yadda darasin rediyo yake gudana. Kafin a koma hutu, sashen shirye-shiryen makarantu na ma'aikatar ilmi yakan aika wa makarantu jadawalin zango, da ɗan littafin jagorar malami mai bayyana abin da kowane darasi zai ƙunsa, da kalmomin da za a rubuta a allo kafin a fara, da tambayoyin da za a yi bayan an gama. Hedimasta ya daidaita jadawalin makarantarsa da na rediyo. In lokaci ya yi sai a ɗauko akwatin daga ofis a ɗora bisa teburi. Muryar da ke ciki ta faɗi jimlar Turanci, ta yi shiru, aji ya maimaita, malami yana tsaye yana nuna wanda zai amsa. Amfanin wannan ya fi fitowa a makarantar ƙauye, inda malamin kansa bai daɗe da barin aji bakwai ba. Shi ma koyo yake yi, ba tare da yaran sun gane ba. Da minti goma sha biyar ko ashirin, ƙwararren malami ɗaya da ke Kaduna ya shiga ɗaruruwan azuzuwa a lokaci guda.

Ba zan ce komai ya tafi sumul ba. Batir yakan ƙare a rasa na saye, akwati ya lalace ya shekara a kabad, jagorar malami ta iso bayan zango ya yi nisa. Darussan talabijin kuwa ba su wuce 'yan makarantun da ke da lantarki a manyan garuruwa ba. Amma dai akwai ofis, akwai ma'aikatan da aikinsu ke nan, akwai kuma layi a kasafin kuɗi. Da aka ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta na UPE a 1976, yara suka yi wa makarantu yawa, malamai suka yi kaɗan, sai aka ƙara jingina da koyarwa daga nesa. A shekarar ce aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna, sannan a 1977 aka kafa cibiyar ƙasa ta fasahar koyarwa, ita ma a Kaduna, don shirya darussan rediyo da talabijin. A 1977 ɗin aka haɗa gidajen talabijin ƙarƙashin NTA, a 1978 kuma aka yi wa rediyo sabon tsari aka sami FRCN.

Ban da darasin aji, akwai ilmin da ake ɗura wa jama'a ta cikin raha. Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi dariya ake yi, amma farar hula da yawa ta nan suka fara fahimtar rayuwar bariki. An mayar da Magana Jari Ce wasan talabijin a Kaduna. Masana aikin gona na Samaru suna da shirye-shiryensu na manoma. Ga kacici-kacici da muhawara tsakanin makarantu, waɗanda ke sa ɗalibi ya kwana yana bitar littafi don kada ya kunyata makarantarsa jama'a na ji. Hatta 'yan kasuwa a lokacin sukan shigo ta ƙofar ilmi: bankin UBA ne ya ɗauki nauyin wasan Cock Crow at Dawn da NTA ta fara nunawa a 1980, wanda aka ɗauka a yankin Jos don kwaɗaita wa mutane noman zamani.

To, daga nan sai kiɗa ya sauya. Farashin man fetur ya faɗi, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982, sannan a 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin SAP. A 1985 naira ɗaya ta ɗan fi dala ɗaya daraja. A 1987 sai da naira huɗu ake sayen dala, a 1993 kuwa ta kai wajen naira 22 a farashin hukuma. Gidan rediyo kusan komai nasa daga waje ake sayowa, tun daga kayan gyaran na'urar watsa shiri har zuwa tef ɗin ɗaukar murya. A cikin wannan hali aka fitar da dokar soja mai lamba 25 ta 1988, wadda ta kafa kwamitin sayar da kamfanonin gwamnati da mayar da wasu na kasuwanci, a ƙarƙashin marigayi Dokta Hamza Zayyad. NTA da FRCN da kamfanin dillancin labarai na NAN suna cikin waɗanda aka ce a mayar da wani ɓangare nasu na kasuwanci.

Bari in yi wa wannan magana fashin baƙi irin na ma'aikacin gwamnati, don a nan gizo yake saƙar. Kasafin kowace ma'aikata kashi biyu ne, akwai na manyan ayyuka, akwai na ayyukan yau da kullum. Abin da sabon tsarin yake nufi shi ne, gwamnati za ta iya taimakawa da manyan ayyuka, kamar gini ko sabuwar na'ura, amma kuɗin gudanarwa gidan ya nemo da kansa. Shiri kuwa, kowane iri ne, a cikin kuɗin gudanarwa yake: man motar da za ta kai ma'aikaci makaranta, tef, ɗan alawus ɗin malamin da ya rubuta darasi, man janareto. Gidajen jihohi ma, ko da dokar ba ta ambace su ba, sahun suka bi, don gwamnoninsu su ma aljihu ya yi sanyi. Manajan da aka ce ya nemo kuɗi, me yake da shi na sayarwa? Ba shi da komai sai lokaci. Sai aka yanka yini gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da farashinta, mai tsada da safe da bayan isha'i, mai sauƙi da tsakar rana.

Daga ranar da lokaci ya zama haja, tambayar da ake yi wa kowane shiri ita ce wa zai ɗauki nauyinsa. Mai maganin gargajiya yana da kuɗin sayen rabin awa, don a cikinta zai sayar da kwalba ɗari. Ɗan siyasa yana da shi, har ya ɗauki sojojin baka su yi masa yaƙi kullum dare. Kamfanin lemo da na sabulu suna da shi, daga 2001 kuma kamfanonin wayar salula suka shigo da nasu buhun. Ɗan aji biyar a makarantar ƙauye ba ya sayen komai, ba ya zaɓe, ba shi da mai saya masa fili. Babu wata takarda da aka fitar aka ce an soke darasin rediyo. Ture shi aka riƙa yi daga lokaci mai kyau zuwa maras kyau, daga sabon shiri zuwa maimaicin na bara, har ranar da aka bukaci tef ɗin don ɗaukar bikin wani mai hali aka goge darasin. Ta haka aka yi asarar ɗimbin tsofaffin shirye-shirye a gidaje da dama. Har labarai ba su tsira ba, domin a wannan zamani ne aka fara sa wa ɗauko rahoto farashi, mai taro ya biya a zo a ɗauka, wanda bai biya ba a ce babu mota.

Wannan na gani da idona a wurin aiki. Mun taɓa shirya sanarwar faɗakarwa ta minti ɗaya a kan wani abu da ya shafi lafiyar yara, muka kai wani gidan rediyo mallakar gwamnatin da muke yi wa aiki, sai aka miƙo mana takardar farashi daidai da wadda ake ba mai tallar atamfa. Ban ga laifin jami'in da ya miƙo ta ba, domin shi ma an ɗora masa adadin da zai tara a wata, kuma da abin da ya tara za a sayi man da gidan zai kwana yana magana. Aljihun dama ne na gwamnati yake cajin na hagu, sanarwar kuwa aka rage yawan fitarta zuwa abin da kuɗinmu ya iya saye.

A 1992 dokar soja mai lamba 38 ta kafa hukumar NBC ta kuma buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa su mallaki tashoshi. Raypower ta fara a Legas a 1994, Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003, daga nan tashoshi suka yi ta tsirowa kamar ciyawar damina. An sami alheri a nan, don talaka ya sami inda zai kira ya faɗi kukansa, abin da gidan gwamnati bai saba bari ba. Amma akwai wani sauyi na na'ura da ba a cika lura da shi ba. Tsohon Rediyon Kaduna a gajeren zango da matsakaicin zango yake tafiya, ana jin sa a ruga da ƙauye, har Nijar da Cadi da Kamaru da Gana. Irin wannan na'ura tana shan wuta ƙwarai, ga ta da tsadar gyara. Zangon FM ya fi araha, sautinsa ya fi daɗi, sai dai ba ya nisa, birni da kewayensa yake ci. Mai talla kuwa mutanen birni yake nema. Don haka kowa ya koma FM, har ita Rediyon Nijeriya ta buɗe irin waɗannan tashoshi a jihohi a farkon shekarun 2000, manyan tsofaffin na'urori suka riƙa yin kwana da kwanaki a kashe. Yaron da aka ƙirƙiro darasin rediyo dominsa, wato na nesa da birni, shi ne ya fara fita daga da'irar.

Ɓangaren takarda ma haka abin ya kasance. Masana'antar takardar jarida ta Oku Iboku, wadda aka sa wa rai, ta tsaya a shekarun 1990, ta Jebba da ta Iwopin su ma ba su tsinana abin kirki ba, sai aka koma sayowa daga waje da dala mai tsada. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta koma ƙarƙashin kamfanin New Nigerian, ta yi ta jan ƙafa. Gwamnatin tarayya ta karɓi kamfanin a 1975, ta mayar wa jihohin Arewa shi a 2006, ba a daɗe ba bashin albashi ya durƙusar da shi, jaridar da ta koya wa kakanninmu karatu ta ɓace daga hannun 'yan talla.

In za a yi adalci, in ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma kasuwa ba sharri kaɗai ta kawo ba. Lokacin da manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, matasa ne a Kano suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu daga tsakiyar shekarun 1980, irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino. An yi ta zagin wannan adabi ana kiransa na kasuwar Kano, amma mata da yawa saboda shi suka riƙe karatun boko, abin da NORLA ta so yi ta kasa. Kamfanin madarar Cowbell ma ya kai gasar lissafinsa talabijin a 2015. Sai dai a duba irin ilmin da kasuwa take so. Tana son gasa, inda za a haska yaro ɗaya mai hazaƙa yana karɓar kyauta a gaban tambarin kamfani. Ba ta son aikin nan mai gundura na koya wa yara dubu hamsin jadawalin sau, mako bayan mako, har shekara ta ƙare. Ita kuma tsohuwar hukuma tata dawar ita ce ta saba magana ba ta saurare, wasu shirye-shiryenta wa'azin gwamnati ne aka yi wa rawanin ilmi, shi ya sa da aka sami zaɓi mutane suka murɗa akwati.

Abin da ya rage na shirye-shiryen ilmi a 'yan shekarun nan, in ka bincika, galibi za ka tarar akwai wata hukuma ko ƙungiyar waje a bayansa. Hukumar ilmin makiyaya da aka kafa a 1989 ta yi shirin Don Makiyaya a Ruga a Rediyon Kaduna. Shirin yara na Sesame Square da NTA ta fara nunawa a 2011 da tallafin Amurka aka yi shi, har aka yi masa na Hausa. Irin waɗannan suna da kyau, amma kwangila ce mai wa'adi, ran da tallafi ya ƙare shiri ya bi shi. Cibiyar nan ta fasahar koyarwa ta Kaduna kuwa an haɗe ta da jami'ar karatu daga gida ta NOUN bayan an farfaɗo da jami'ar a 2002.

Sai ga shekarar 2020. A ƙarshen watan Maris aka rufe makarantu saboda annobar korona, aka ce yara su koma karatu ta intanet. Wane yaro, da wace waya, da wane kuɗin data? Cikin 'yan makonni jihohi irin su Kaduna da Kano suka waiwayi rediyo da talabijin, aka ɗebo malamai daga aji aka zaunar da su gaban makirfo. Malaman sun yi iya ƙoƙarinsu, wasunku ma da ke karanta wannan kuna ciki. Amma koyarwa ta rediyo sana'a ce mai zaman kanta, tana bukatar mai rubutu da ya san inda zai bar shiru don yaro ya amsa, da jagorar da za ta riga darasi isa gida. Waɗanda suka iya wannan sun yi ritaya ko sun riga mu gidan gaskiya, ba su bar magada ba, don ofishinsu ya daɗe da zama kango. Da aka buɗe makarantu, mafi yawan darussan suka tsaya, filin ya koma hannun masu saye.

Tunda fili na mai kuɗi ne, ina da shawara ga shugabannin ƙungiyarmu. Kowace shekara muna tara kuɗi mu yi fenti, mu gyara ƙofa, mu yi liyafa, duk ba laifi. Ina roƙon a sa a ajandar babban taro mai zuwa a tattauna yiwuwar sayen rabin awa a mako, na zangon karatu ɗaya, a tashar da ta fi kaiwa ƙauyukan da ke turo wa makarantarmu ɗalibai, a yi darasin Turanci da lissafi na 'yan aji shida na firamare. Muna da malaman da suka yi ritaya da muryarsu garau, muna da 'yan ajinmu da ke aiki a gidajen rediyo waɗanda za su nemo mana ragi, jagorar malami kuwa shafi biyu ne da za a iya tura wa hedimastoci ta waya. Ina kuma roƙon duk malaminmu da ke da tsohon jadawali ko jagorar darasin rediyo a cikin akwatinsa ya ba sakataren ƙungiya aro a ɗauki hotonsa a mayar masa, don masu rubuta darasin farko su ga yadda ake tsara shi.